Taswirar mangaza a cikin taga: yadda na saka zanen kaina a manhajar da na tsara da Qt Designer

Bara, bayan an gama girbi kaya sun fara shigowa kasuwa, wani Alhaji da ke harkar hatsi da aya a nan Maraɗi ya ba ni aikin rubuta masa ƙaramar manhaja da za ta riƙa lissafin abin da ya shiga mangazarsa da abin da ya fita. Aikin ba baƙo ba ne a gare ni, domin irinsa ne ke ciyar da yawancin masu wannan sana'a a garin nan: taga ɗaya, jadawali a tsakiya, akwatunan rubuta adadi da farashi a gefe, maɓallai uku ko huɗu a ƙasa. Na tsara fuskar cikin yini ɗaya da Qt Designer, wato manhajar tsara tagogi da ke zuwa da kayan aikin Qt, na rubuta sauran da harshen Python da PyQt5 mai haɗa shi da Qt, na ɗora bayanan a kan ma'ajiyar bayanai ta SQLite, sannan na ɗauki kwamfutata na tafi in nuna masa.

Alhaji ya dubi jadawalin na ɗan lokaci bai ce komai ba, sannan ya sa mai kula da mangazar ya juyo ƙyauren ƙarfe domin in ga bayansa. An zana cikin mangazar gaba ɗaya da alli: ga ƙofa, ga hanyar da ƴan dako ke bi, ga gurbin kowane tsibi na buhuna, an kuma ja layi a cikin kowane gurbi daidai inda tsibin ya kai. Ya ce da ni, "Malam, wannan nake so in gani. Lambobin nan naka na akawu ne. Ni in na duba, so nake in san tsibin da ya kusa ƙarewa, in kuma san inda za a sauke kaya idan mota ta iso daga Cadawa." Na ce, "Ranka ya daɗe, za a yi," alhali a lokacin ban san ta inda zan faro ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe Qt Designer ya san akwatin kayan da ke gefen hagu, inda ake janyo maɓalli ko akwatin rubutu ko jadawali a ajiye cikin taga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kayan wijet ake kiransa, kuma tun da aka fara fitar da Qt a Norwe a 1995 ake ta ƙara su, har sun ishi yawancin ayyukan ofis. Sai dai babu taswirar mangaza a cikinsu, kuma ba za a taɓa sakawa ba, domin Alhaji kaɗai ke buƙatarta. Dole ne in zana ta da kaina, in kuma samar mata gurbi a cikin tagar da ba da hannu na rubuta ba. A nan ne ya zama wajibi mutum ya fahimci abin da Designer ke yi a zahiri. Ba Python yake rubutawa ba. Yana ajiye bayanin tagar ne a fayil mai ƙarshen.ui, wanda XML ne zalla, sannan wata ƴar manhaja, pyuic5 a wurina, uic ga masu C++, ta karanta wannan bayani ta haifar da rubutun da ke gina tagar lokacin da manhaja ta tashi.

Kuskurena na farko shi ne na buɗe wannan fayil da pyuic5 ya haifar na shiga rubuta zanena a ciki. A samansa akwai gargaɗi ƙarara cewa duk gyaran da aka yi da hannu zai ɓace idan aka sake haifar da fayil ɗin, na kuma karanta shi, amma na ce ai na gama tsara tagar, ba zan sake taɓa ta ba. Kwana biyu bayan haka aka ce in ƙara wurin rubuta sunan direba. Na koma Designer na ƙara, na sake tafiyar da pyuic5 ba tare da na tuna ba, aikin dare biyu ya tafi. Ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Tun daga ranar na ɗauki ƙa'ida cewa fayil ɗin da na'ura ta haifar nata ne, nawa kuma daban, kuma ba na haɗa su a kwano ɗaya.

Hanyar da ta dace ta fi wannan sauƙi. Ana rubuta sabon aji, wato rubutun da ke fayyace kamanni da aikin wani sabon nau'in wijet, a fayil na daban, aji mai gadon QWidget, tushen duk wijet na Qt, a ba shi suna. Nawa na sa masa TaswirarMangaza, na ajiye shi a taswira.py. Sannan a koma Designer a janyo wijet na banza, wanda babu komai a cikinsa, a ajiye shi a inda ake son zanen ya fito, a danna shi da maɓallin dama na linzami a zaɓi Promote to, ko Promouvoir en ga wanda tasa ke Faransanci kamar yawancin kwamfutocinmu na Nijar. Wata ƴar taga za ta buɗe tana tambayar ajin da aka gada, da sunan sabon ajin, da fayil ɗin da yake ciki. Abin da ke faruwa shi ne wijet ɗin banzan ya zama mai riƙon ƙwarya: a cikin Designer shi ake gani, shi ake ja a faɗaɗa, shi ke zaune cikin jeri tare da sauran kaya, amma idan manhaja ta tashi sai ajin da aka rubuta ya hau kujerar. Designer na rubuta wannan yarjejeniya a wani sashe na fayil ɗin .ui mai suna customwidgets, saboda haka ko sau ɗari aka sake haifar da rubutun, zanen na nan bai motsa ba.

Akwai ƙananan abubuwa uku da suka tsone mini ido a wannan mataki, kuma ina ganin za su tsone wa duk wanda ya biyo hanyar. Gurbin sunan fayil an yi shi ne domin masu C++, don haka da ka rubuta sunan aji sai ya cika kansa da wannan sunan cikin ƙananan baƙaƙe, ya liƙa masa .h a ƙarshe. Shi kuma pyuic5 cire .h ɗin kawai yake yi ya nemi fayil na Python mai wannan suna, saboda haka ya tafi neman taswirarmangaza alhali fayil ɗina taswira ne, manhaja ta ƙi tashi. Sai da na goge abin da ya cika na rubuta sunan gaskiya. Na biyu, rubutun da aka haifar ba ya miƙa wa sabon ajin komai lokacin gina shi sai uwar tagar da zai zauna ciki, don haka ba za a ce sai an ba shi jerin tsibi kafin ya ginu ba. Dole ya iya tsayawa fanko, daga baya a zuba masa bayani ta wata ƙofa.

Na uku ya fi cin lokacina, domin babu wani saƙon kuskure da ya fito. Na tashi manhajar, jadawali ya cika tagar, taswira babu ita babu alamarta. Dalilin shi ne QWidget zalla ba ya faɗin girman da yake so, jadawali kuma an gina shi a kan ya mamaye duk filin da ya samu, to da tsarin jeri ya zo rabon fili sai ya ba mai baki ya manta da wanda ya yi shiru. Maganin shi ne sabon ajin ya bayyana girmansa ta sizeHint da minimumSizeHint, a kuma mayar da manufar girmansa Expanding a cikin Designer domin shi ma ya riƙa samun rabonsa idan taga ta faɗaɗa.

Zanen kansa shi ne inda ya kamata mutum ya sauya tunani, kuma a ganina wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin. Mai zane da alli yana zanawa ne lokacin da ya ga dama, abin da ya zana kuma ya zauna har sai an goge. A taga ba haka ba ne. Na fara da rubuta umarnin zane a bayan maɓallin Ajiye, wato da an shigar da sabon kaya a zana tsibin nan take, sai Qt ya ƙi, ya yi ta fitar da gargaɗi cewa mai zanen ba ya aiki. Ƙa'idar ita ce ba kai ke zaɓar lokacin zane ba. Tsarin ne ke kiranka, ta hanyar paintEvent, duk lokacin da ya ga ana buƙatar fuskar wijet ɗin: sa'ad da taga ta fara bayyana, sa'ad da aka canja girmanta, sa'ad da wani sashe da ya ɓoye ya sake fitowa. Kowane kira kuma daga farko ake zanawa, kamar ba a taɓa yi ba. Saboda haka wijet ba hoto yake riƙewa ba, bayani yake riƙewa: tsibi nawa ne, ina kowanne yake, buhu nawa yake ɗauka, nawa ne a cikinsa yanzu. Idan kaya suka shigo, ana gyara wannan bayanin ne, sannan a kira update, wanda ma'anarsa ita ce a gaya wa tsarin cewa fuskar ta tsufa, ya dawo ya nemi sabuwa idan ya samu sarari.

Amfanin update a kan repaint shi ne, idan aka kira shi sau goma a jere, Qt na haɗa su ya yi zane ɗaya, shi kuwa repaint nan take yake tilasta zane kowane kira. Da yake paintEvent na iya zuwa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya yayin da mutum ke jan gefen taga, bai kamata a sa masa aiki mai nauyi ba. Na taɓa barin tambayar SQLite a cikinsa, sai tagar ta riƙa tafiya da ƙyar a tsohuwar kwamfutar mangazar. Wani karon kuma na bar kiran update a cikin paintEvent ɗin kansa, wato kowane zane na neman wani zanen, abin ya zama tufka da warwara marar iyaka. A fuska ba a ga wani aibi ba, amma fankar kwamfutar ba ta daina kuka ba, ranar da aka ɗauke wuta kuma batirin ya ƙare tun kafin a gama lodin mota. A wurin da wuta ke zuwa ta tafi, ga zafin watan Afrilu, irin wannan sakaci ba ƙarami ba ne.

Ma'aunin fuskar kwamfuta daga kusurwar sama ta hagu yake farawa, kuma adadin na ƙaruwa ne yayin da ake gangarowa ƙasa, saɓanin abin da aka koya mana a darasin lissafi. Na manta da wannan a gwajin farko, sai cikon kowane tsibi ya fito daga sama yana saukowa. Mai kula da mangazar ya leƙo ta bayana ya ce, "Malam, buhunan naka jemagu ne, suke rataye a rufi?" Gyaran bai wuce layi ɗaya ba: a lissafa tsawon cikon, a ɗebe shi daga gindin gurbin, abin da ya rage shi ne inda cikon zai faro. Amma wannan ya sa na daina lissafi da ɗigon allo gaba ɗaya. Na je da igiyar awo muka auna mangazar da gurabenta da mita, na ajiye komai da mita, sannan a farkon kowane zane ake raba faɗin wijet da faɗin mangazar, a raba tsawonsa da tsawonta, a ɗauki ƙaramin sakamakon a matsayin ma'auni ɗaya tilo. Da haka taswirar ba ta miƙewa ta lalace, ko a allon 1366 da 768 na tsofaffin kwamfutocin da suka cika ofisoshinmu, ko a sabo wanda Windows ke ƙara wa girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150. Qt 6, wanda ya fito a watan Disamba na 2020, yana kula da wannan ƙarin da kansa. A Qt 5 kuwa sai mai rubutu ya kunna shi kafin a gina manhajar.

Lissafi da mita ya janyo mini abin kunya ɗaya. Rabawa na haifar da adadi mai ɓurɓushi, ni kuma ina miƙa wa drawRect irin waɗannan adadi huɗu kai tsaye, alhali sigarsa mai karɓar adadi huɗu cikakkun lambobi take so. Tsohon Python ɗin da ke kwamfutata yana yanke ɓurɓushin ya wuce, da ɗan gargaɗin da ban taɓa kulawa da shi ba. A kwamfutar Alhaji na saka Python 3.10, wanda ya daina wannan sassauci, PyQt5 kuma tun daga 5.5 idan kuskure ya tashi ba a tare shi ba rufe manhajar yake yi ɗungurungum. Don haka na danna, tagar ta yi ƙiftawa ɗaya ta ɓace, a gaban Alhaji da baƙinsa biyu. Daidai shi ne a yi amfani da QRectF da QPointF, waɗanda aka yi domin adadi masu ɓurɓushi, kuma tare da kunna Antialiasing gefunan zanen ma sun fi fitowa sumul.

Game da launi, abin da ya yi kyau a ɗakina da dare bai yi aiki a bakin mangaza ba, inda hasken rana ke faɗa wa allo ga ƙura ta lulluɓe shi. Ruwan ƙasa mai haske da na ba gero da ruwan ɗorawa da na ba aya sun zama abu ɗaya da tsakar rana. Na koma launuka masu ƙarfi, na kuma ba kowane irin kaya nasa zanen ciko ta QBrush, wani layuka a karkace, wani ɗigo-ɗigo, domin ko launin ya dushe a bambance wake da gyaɗa. Rubutu kuma sai an auna shi kafin a zana, domin drawText ba ya damuwa ko suna ya fi gurbinsa faɗi. QFontMetrics ke faɗin faɗin kowace kalma, elidedText kuma ya gajarta wadda ta yi tsawo.

Taswirar da ake kallo kawai ba ta daɗe da isar Alhaji ba, ya so in ya danna tsibi a nuna masa tarihinsa. A nan dabara ɗaya ce: lissafin inda kowane gurbi yake a fuskar allo ya kasance a wuri ɗaya tak, zane ya ɗauka daga nan, mousePressEvent ma ya ɗauka daga nan. Idan aka rubuta lissafin sau biyu, wata rana za a gyara ɗaya a manta da ɗaya, mutum ya danna gero a buɗe masa wake. Kuma ban bar taswirar ta san akwai jadawali a duniya ba. Idan an danna gurbi, sigina kawai take fitarwa ɗauke da lambar tsibin, babbar tagar ce ke saurare ta yi abin da ya dace. Wannan rabuwar ce ta sa daga baya na ɗauki ajin yadda yake na saka shi a wata manhaja ta mai sayar da siminti, ban canja komai ba sai ma'aunin ɗakin.

Duk da haka ba na ba kowa shawarar ya riƙa zana abin da akwai shi a akwatin kaya. Maɓallin da Qt ya kawo ya san tafiya da madannin Tab, ya san nuna cewa shi ke riƙe da hankali, ya san yi wa manhajar da ke karanta wa makafi allo bayanin kansa, wijet ɗin da ka zana kuwa bai san ko ɗaya ba sai ka koya masa. Da tsibi ɗaya ne kawai ake son ganin cikarsa, QProgressBar, wato sandar da ke nuna cika, a tsaye ya wadatar. Da kuma gurabun sun kai ɗaruruwa, ana son jan su da linzami ana kusanto da su, da QGraphicsView na nufa, wanda ke cikin akwatin Designer tun asali kuma shi ke riƙe da abubuwan zane ɗaya-ɗaya. Tawa mangazar gurbi goma sha huɗu ne da ba sa motsi, shi ya sa zanen hannu ya dace da ita.

Wani matashi da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, wanda kan zo ya taya ni aiki lokacin hutu, ya tambaye ni me ya sa taswirar ba ta bayyana a cikin Designer ɗin kansa, sai fili fanko. Amsar ita ce mai riƙon ƙwarya bai san kamannin wanda yake riƙe wa ba. Idan ana son wijet ya shiga akwatin kaya da fuskarsa ta gaskiya, har a riƙa gyara siffofinsa a gefen dama, sai an rubuta masa abin da za a jona wa Designer, ta QDesignerCustomWidgetInterface, kuma a C++ dole a gina shi da irin sigar Qt da irin na'urar harhaɗawar da aka gina Designer ɗin da su, in ba haka ba ya ƙi ɗaukarsa. Ga kamfanin da ke da ma'aikata da yawa masu amfani da wijet ɗaya a tagogi barkatai, wahalar ta cancanta. Ga mutum ɗaya mai taga ɗaya, ban ga riba ba. Tashin manhajar a duba bai wuce daƙiƙa biyu ba.

Masu aiki da wasu kayan ba su tsira daga wannan tsari ba, sunaye ne kawai suka bambanta. A NetBeans na masu Java, initComponents ne yankin da aka kulle, zane na shiga paintComponent na ajin da ya gaji JPanel, ana kuma nuna wa mai tsara tagar ajin ta Custom Creation Code. A Windows Forms na Microsoft, InitializeComponent ne ke zaune a fayil ɗin Designer.cs, OnPaint ke zane, Invalidate ke neman sabon zane. Bambancin da na lura da shi shi ne waɗannan biyun suna barin mutum ya yi zane a wajen lokacinsa, ta getGraphics ko CreateGraphics, ya gani ya yi murna, sannan zanen ya ɓace da an sake zana tagar. Na fi son ƙin da Qt ke yi tun daga farko.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne amfanin da ya fi burge Alhaji. Da yake QPainter, wato mai zanen Qt, bai damu da a kan me yake zane ba, allo ne ko hoto ko firinta, kiran grab ɗaya ya isa a ɗauki hoton taswirar a ajiye a fayil. Yanzu kowace yamma, bayan an rufe mangaza, ana tura masa hoton ta WhatsApp, ko yana Kano ko yana Yamai, ya duba ya kira ya ce a matsar da wake daga bakin ƙofa. Buƙatar da ke gabana a yanzu ta mai kula da mangazar ce, wanda da ajami yake rubutu, yana so sunayen kaya su fito yadda yake rubuta su a bayan ƙyaure. Qt na iya jera rubutu daga dama zuwa hagu, amma baƙaƙen da Windows ke zuwa da su ba su yi kama da rubutun allonmu ba, don haka na sauko da baƙaƙen Alkalami na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, zan haɗa shi cikin manhajar ta addApplicationFont. Abin da ya rage shi ne in sake auna tsawon layi a cikin kowane gurbi, domin wasullan sama da na ƙasa sun fi baƙaƙen boko cin wuri, gurbin aya na kusa da ƙofa kuma ƙarami ne.